Darasin Noma: Itacen Kirsimeti da Agogon Shuke-shuke

Idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauka a ƙasar Hausa. Hazo ya rufe gari, leɓe yana tsagewa, yara suna kewaye wuta da sassafe. Masu lambu kuwa sun duƙufa a fadama, ana dashen albasa da tumatir. A cikin wannan wata ne Kiristoci suke bikin Kirsimeti, ranar 25 ga wata. Wanda ya shiga birni zai ga wani koren itace mai tsini, an rataya masa fitilu a kantuna da majami'u. Yawancin waɗanda ake gani a Nijeriya na roba ne. Amma itacen gaskiya yana nan, kuma noma shi ake yi a gona kamar yadda ake noman rogo. Labarinsa na ƙasashen sanyi ne. Duk da haka akwai abin da mai lambu zai tsinta a ciki kafin ya je sayen iri.

Sanyin Turai

Sanyin ƙasashen Turai da arewacin Amurka ya wuce hunturu nesa ba kusa ba. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifili. A can yakan sauka ƙasa da haka, har kogi ya sandare, mutum ya taka ya wuce. Yini kuma yana gajarta ƙwarai. A birnin Landan, wajen 21 ga Disamba, yini ba ya cika awa 8, dare kuwa ya wuce awa 16. A garin Tromso na arewacin Norwe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A Kano kuwa, a wannan lokaci, yini ya kusa awa 11 da rabi.

Me ya sa sanyi yake kashe shuka? Ganye cike yake da ruwa. Idan ruwan ya daskare sai ya kumbura, ya lalata ganyen daga ciki. Masu sayar da ƙanƙara sun san haka, domin kwalbar da aka cika maƙil aka sa a firji fashewa take yi. Ban da wannan, idan ƙasa ta daskare saiwa ba ta iya shan ruwa. Ashe ke nan itacen Turai ƙishi yake ji a lokacin sanyi, ko da yake dusar ƙanƙara ta kewaye shi. Shi ya sa yawancin itatuwan can suke zubar da ganye su yi barci, daidai yadda kuka take tsayawa tsirara da rani.

Amma akwai waɗanda ba sa zubarwa. Turawa suna kiransu fain da fir. Ganyensu siriri ne kamar allura, kuma an shafe shi da wani abu mai kama da kaki, don haka ruwa kaɗan yake fita. Surarsu kamar jinka ce, tsini a sama, faɗi a ƙasa. Dusar ƙanƙara tana zamewa ta faɗi, ba ta karya reshe. Sa'ad da daji duka ya bushe, su kaɗai ne kore. Bahaushe ya san irin wannan abin mamaki a jikin gawo, wanda yake kore shar da rani bayan sauran itatuwa sun kaɗe.

Yadda al'adar ta fara

Tun kafin addinin Kirista ya isa arewacin Turai, mutanen can sukan shigo da koren reshe cikin gida a tsakiyar sanyi. Yana tuna musu cewa ƙasa za ta sake yin kore. Yi wa itace ado don Kirsimeti kuwa daga Jamusawa ya fito, a ƙarni na 16. Wani rubutu na shekarar 1605 daga birnin Strasbourg, wanda yanzu yake cikin Faransa, ya faɗi yadda ake kafa itacen a ɗaki, a rataya masa furannin takarda da tuffa da alewa. Saboda haka al'ada ce, ba umarnin addini ba.

A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu a gindin itacen. Abin da aka gani a gidan sarauta sai kowa ya so yi. Daga nan al'adar ta bazu a Ingila da Amurka. Da farko kyandir ake kunnawa a kan rassan, gidaje da yawa kuma suka ƙone. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya sa wa nasa ƙananan fitilun lantarki a Niyok.

Itacen har ya zama tukuici tsakanin ƙasashe. Tun 1947 birnin Oslo na Norwe yake aika wa Landan itace guda kowace shekara, mai tsawon kimanin mita 20. Godiya ce saboda taimakon da Ingila ta yi wa Norwe a Yaƙin Duniya na Biyu.

Gonar da ake jira shekara goma

Miliyoyin gidaje suna son itace a mako guda. Da daji za a shiga sara, da tuni an ƙarar da shi. Saboda haka aka mayar da shi amfanin gona. Ƙasar Danmak ƙarama ce, amma tana fitar da miliyoyin itatuwa kowace shekara, kuma Jamus ce babbar mai saye. A Amurka jihohin Oregon da North Carolina ne kan gaba.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Irin da Danmak ta fi shukawa, yawancin 'ya'yansa daga duwatsun ƙasar Jojiya ake samo su. Talakawan can suna hawa dogayen itatuwa a watan Satumba su tsinko kwanson da irin yake ciki. Aiki ne mai haɗari, wasu sukan faɗo, kuma kaɗan ne daga kuɗin itacen yake isa hannunsu. Ana zuba irin a wurin reno, ya shekara uku ko huɗu. Sannan a cire a dasa a gona, a jere, da tazara. Kowace shekara sai an yi noma, an sa taki, an kuma aske rassan domin itacen ya cika ya yi tsini. Kafin ya kai mita biyu, wato ya ɗan wuce tsayin mutum, an ci kimanin shekara goma daga ranar da aka zuba iri.

To, mutum zai zauna shekara goma bai ga ko sisi ba? A nan dabarar take. Manomin yana raba gonarsa kashi-kashi. Bana ya dasa wannan yanki, baɗi ya dasa na kusa da shi, haka har ya zagaye. Idan na farko ya isa sara, sai ya sare ya sake dasawa nan take. Daga wannan shekara ba ya sake rasa abin sayarwa. Mai son ya kafa gandun darbejiya ko na turare don azara da turaku zai iya bin wannan hanya a kan kadada guda.

Mai saye kuma yana da nasa aikin. Itacen da aka sare bai gama mutuwa ba, yana shan ruwa. Ana datse ɗan guntu daga gindinsa, domin ƙaro ya toshe wurin saran farko, sannan a tsoma shi a mazubin ruwa. Idan aka bari ya bushe, yana kama wuta kamar jinkar bara. Wajen 6 ga Janairu ake sauke shi. A garuruwa da yawa ana tattara itatuwan a niƙa su da inji, a baza a gindin shuke-shuke. A gidan namun daji na Balin, waɗanda ba a sayar ba giwaye ake ba su ci.

Jan ganyen da yake ƙirga dare

Bayan itacen, shukar da aka fi saye a wannan lokaci ita ce fonsetiya. Asalinta ƙasar Meziko, inda take girma ta wuce tsayin mutum. Mutanen can na da, wato Aztek, suna yin jan rini da maganin zazzaɓi da ita. Ta sami sunanta daga Joel Poinsett, jakadan Amurka na farko a Meziko, wanda ya aika da ita gida wajen 1828. 'Yar'uwar aguwa ce da tinya da nonon kurciya. Idan aka karya reshenta farin ruwa yana fita kamar nono. Bai kai na tinya dafi ba, amma yana sa ƙaiƙayi, kuma bai kamata ya shiga ido ba.

Abin da mutane suke ɗauka furenta ne, ba fure ba ne. Ganye ne ya koma ja. Furen na gaskiya ƙanana ne, rawaya, a tsakiya. Kuma ganyen ba ya yin ja sai dare ya yi tsawo. Masu renonta sukan tabbatar ta sami duhu na kimanin awa 14 kowane dare, har wajen mako takwas, daga farkon Oktoba. Wasu da baƙin ƙyalle suke lulluɓe ta. Idan aka riƙa kunna mata fitila a tsakiyar dare, ko na ɗan lokaci ne, lissafinta ya rikice. Kirsimeti zai zo tana kore, ba mai saye.

Wannan sirri ba a daɗe da gano shi ba. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana shi. Sun lura da wata irin taba da take ta tsawo ba ta fure sai yini ya gajarta. Suka riƙa shigar da ita ɗaki mai duhu kafin faɗuwar rana, sai ga fure. Suka ga haka ma a waken suya. Daga nan aka san cewa shuke-shuke da yawa suna da agogo a jikinsu, kuma tsawon dare suke ƙirgawa.

Kauci ma yana da rabonsa a bikin. Turawa sukan rataya reshensa a bakin ƙofa, domin shi ma kore ne a tsakiyar sanyi. Dangin kaucin da yake hawa kaɗanya da ɗorawa da lemo ne. Tsuntsaye ne suke yaɗa shi. Su ci 'ya'yan, irin mai danƙo ya manne a reshe, ya tsira, ya riƙa shan ruwan itacen. A can kayan ado ne da ake sayarwa. Mai gonar lemo kuwa gara ya sare reshen da ya kama tun yana ƙarami.

Lambu cikin dusar ƙanƙara

Mai lambu a ƙasar sanyi ba ya naɗe hannu gaba ɗaya. Akwai kayan lambu masu jure sanyi, irin su kabeji da danginsa da karas. Idan sanyi ya buge su ma sai su ƙara zaƙi, domin suna tara sukari a jikinsu don kada ruwansu ya daskare. Tafarnuwa ana dasa ta kafin ƙasa ta sandare, ta kwana a ƙasa duk tsawon sanyi, a haƙe ta a tsakiyar shekara mai zuwa. Ana rufe ƙasa da ciyawa da busasshen ganye domin saiwa ta ji ɗumi.

Tumatir da tattasai da kokwamba kuwa ba sa rayuwa a fili. Sai a gina musu ɗakin gilashi ko na leda. Rana tana shiga, zafin kuma ba ya saurin fita. A Holan har ɗumama ɗakunan ake yi da iskar gas, a kunna manyan fitilu a maimakon rana. A Almeriya ta kudancin Sifen, rumfunan leda sun rufe fiye da hekta 30,000, kuma daga nan ake kai kayan miya sauran Turai a lokacin sanyi. Kuɗi mai yawa ake kashewa. Abin da suke saye da tsada, wato rana mai haske da iska mai ɗan sanyi, shi ne mai lambun ƙasar Hausa yake samu kyauta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Shi ruwa ne damuwarsa. Ciyawar da Bature yake rufe ƙasa da ita saboda sanyi, a nan tana hana fangali saurin bushewa.

Agogon yana aiki a gonar Bahaushe

Mai karatu zai iya cewa yini da dare a ƙasar Hausa kusan daidai suke, ina ruwan shukarsa da wannan agogo? Bambancin kaɗan ne, gaskiya. A Kano yini mafi tsawo, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba. Amma dawa tana jin wannan ɗan bambanci.

Kowane manomi ya ga haka da idonsa. Wani ya shuka ƙaura da ruwan farko, maƙwabcinsa ya makara mako uku. Ga mamaki, kusan tare za su fid da kai a ƙarshen damina. Ta farkon dai ta fi tsawo da kauri. Dawar gargajiya ba kwanakin shuka kaɗai take ƙirgawa ba, jira take yi dare ya kai tsawon da ta saba. Haka maiwa, haka waken kanannado, haka yakuwa. Kakanni sun daɗe suna zaɓen irin da fid da kansa yake dacewa da ɗaukewar ruwa a garinsu. Shi ya sa ɗauko dawa daga nesa yake da haɗari. Wadda aka ɗauko daga kudu aka kai arewa za ta makara, ruwa ya ɗauke ba ta yi ido ba. Wadda aka kai kudu daga arewa za ta nuna cikin ruwa, ƙwayar ta yi funfuna.

A lambu kuwa albasa ce ta fi kayar da mutane. Albasa ba ta yin kai sai yini ya kai tsawon da irinta yake so. Akwai albasar dogon yini, ta arewacin Turai, mai bukatar awa 14 zuwa 16. Akwai ta gajeren yini, wadda awa 10 zuwa 12 ya ishe ta. Tun da yinin ƙasar Hausa ba ya cika awa 13, wanda ya shuka ta dogon yini lawashi kaɗai zai girba. Ya sayi iri, ya sayi taki, ya sha wahalar ban ruwa wata huɗu, ba kai ko ɗaya. Ba laifin ƙasa ba ne, kuma ba sammu ba ne. Jar albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar, da irin da ake nomawa a Aliero ta Jihar Kebbi, duk na gajeren yini ne, shi ya sa suke yin kai.

Kabeji kuma sanyi yake ƙirgawa. Shuka ce ta shekara biyu. Shekarar farko ya naɗe kai, sai ya sha makonni na sanyi mai tsanani, sannan ya yi fure ya ba da iri. Hunturu bai kai wannan sanyi ba. Dalilin da ya sa mai kabeji yake sayen sabon iri kowace shekara ke nan. Yawancin karas ɗin Turai ma haka yake. Latas kuwa akasin haka ne. Da zafi ya taso sai ya miƙe ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci.

Alkama ma iri biyu ce. Ta sanyin Turai ana shuka ta wajen Oktoba, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a girbe ta a Yuli ko Agusta. Idan ba ta sha wannan sanyi ba, ba ta fid da kai. Wadda ake nomawa a Kadawa da Hadeja da bakin Tafkin Chadi ba ta bukatar haka, amma ba ta son zafi lokacin da take cika ido. Saboda haka malaman gona suke cewa a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai tarar da alkamarsa tana tsaka da cika, ƙwayar ta motse. Tumatir ma idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furensa zubewa yake yi.

Kafin a sayi iri

Irin kayan lambu da yawa daga ƙasashen waje yake zuwa, cikin gwangwani ko 'yar takarda mai kyakkyawan hoto. Hoton ba ya faɗin ƙasar da aka yi irin dominta. Mai saye ya tambayi malamin gona ko albasar ta gajeren yini ce, ko kabejin da tumatirin masu jure zafi ne. Wanda ya iya karatu ya duba jikin takardar da kansa. Akwai watan da aka ɗura irin, da watan da zai daina aiki. Irin albasa ba ya daɗewa, bayan shekara guda tsirarsa tana raguwa sosai. Idan an ga an rubuta F1, irin aure ne. Yana ba da amfani mai kyau, amma 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, don haka ba a ajiye su don baɗi.

Sabon irin da ba a taɓa gani a gari ba, kada a cika lambu da shi. A ware masa fangali ɗaya ko biyu kusa da irin da aka saba. A rubuta a littafi ranar da aka zuba shi, ranar dashe, da ranar da ya fara yin kai ko fure. Kafin a zuba ma, a ƙirga ƙwaya 20 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai zuwa goma a buɗe. Idan waɗanda suka tsira ba su kai 14 ba, a ƙara yawan irin da za a zuba, ko a mayar wa mai kanti da kayansa.